Zafi da Makamashi a Sauyin Sinadarai: Darasi daga Narkar da Kuzar Jos

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dangantakar zafi da makamashi da sauyin sinadarai, ta hanyar bin diddigin yadda ake mayar da kuzar Filato ƙarfe. An ɗora nazarin a kan tambayoyi uku: nawa ne makamashin da sauyin yake sha, a wane matakin zafi yake soma yiwuwa, kuma ina ragowar zafin tanderu yake tafiya? Lissafin ya nuna cewa abin da sauyin kansa yake buƙata kusan megajul 3 ne ga kowane kilo na ƙarfen kuza, kuma gawayin da zai biya wannan buƙata bai kai sulusin kilo ba. Mafi yawan abin da ake ƙonawa yana salwanta ne ta hayaƙi da bango da danshi. Saboda haka maƙalar ta tafi a kan cewa matsalar narkar da kuza matsala ce ta riƙe zafi, kuma wannan misali ya fi dacewa da koyar da ɗaliban Filato wannan fanni.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san Jos ya san kuza. Kududdufan da ke Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, da tarin ƙasar da ke gefensu, shaida ce ta fiye da shekara ɗari ana haƙa. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan lebura da albashinsu, da kamfanonin Turawa, da ɓarnar da aka yi wa ƙasar noma. Ɓangaren da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne wuta. Baƙin yashin nan mai nauyi da ke kwantawa a gindin ƙwarya bayan an wanke ƙasa ba ƙarfe ba ne tukuna. Ƙarfe ne da iskar oksijin ta ɗaure, ƙwayar zarrar kuza ɗaya da ta oksijin biyu, abin da masana ke rubutawa SnO₂. Tsakanin wannan yashi da farin ƙarfen da mai gyaran waya a Taminus ta Jos yake like ƙafar ƙaramin sashe da shi, akwai sauyin sinadari guda, kuma zafi ne kaɗai ke iya jawo shi.

A makarantunmu ana koyar da wannan fanni da alamomi, ΔH da ΔG, ɗalibi ya haddace su don jarrabawa, ya fito bai taɓa sanin cewa lissafin garinsu aka yi masa ba. Wannan maƙala tana so ta haɗa biyun.

2.0 Inda aka yi wutar, da inda aka kai ta

Kuzar Filato ta samo asali ne daga duwatsun giranit da suka kunno daga cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 150 da suka shuɗe. Ruwan sama ya daɗe yana zaizaye su, ya tara ƙwayoyin kuza a cikin rafuka irin su Dilimi. Da yake nauyin kuza ya kai kusan ninki bakwai na ruwa, yashin rafi kuwa bai kai ninki uku ba, wanki kaɗai ya isa ya raba su.

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa masu narka suna wannan sana'a a Riruwain Kano, wadda take cikin ƙaramar hukumar Doguwa a yau, da kuma Riruwain Dalma ta ƙasar Bauchi. Kayan aikinsu tanderun yumɓu ne da gawayi da zugazugi. Suna zuba narkakken ƙarfen a cikin siraran ramuka, ya daskare kamar tsinke, a ɗaure a kai kasuwa. Irin waɗannan tsinkayen ne 'yan kasuwar kamfanin Neja suka gani a yankin Binuwai a ƙarshen ƙarni na 19, suka shiga neman tushensu. A 1903 Kanar H. W. Laws ya iso Filato, aka kafa sansani a Naraguta. Da kamfanoni suka mallaki filayen haƙa da takardun izini, masu narka na gida suka rasa hanyar samun kuza, sana'ar ta mutu.

Daga nan har kusan shekara sittin, kuzar Jos ɗanya take fita. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ta Kafanchan ya iso a 1927, ya kawo kwal ɗin Inugu. Kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya riƙa samar da lantarki daga ruwan Kurra. Amma duk wannan makamashi na haƙa ne da tura ruwa. Narkawar a Ingila ake yin ta, musamman a yankin Libaful. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa haƙa, abin da jama'a suka riƙa kira ɗiban gwamna, har abin da aka fitar a 1943 ya kai wajen tan 17,000. Sai a farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos, wutar ta dawo gida. Raguwar kuzar da ke kusa da saman ƙasa da rushewar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoba na 1985 suka durƙusar da harkar manyan kamfanoni.

3.0 Ka'idojin da nazarin ya dogara a kansu

Akwai bambanci tsakanin zafi da matakin zafi. Matakin zafi shi ne abin da ma'auni ke nunawa da digiri. Zafi kuwa makamashi ne da ke gudana daga abu mai ɗumi zuwa mai sanyi, ana auna shi da jul. Tartsatsin maƙera yana iya wuce digiri 1,000, ya sauka a hannu bai yi komai ba, ruwan tukunya mai digiri 90 kuwa ya saɓule fata, domin makamashin da ke cikinsa ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Kowane sauyin sinadari warware wani ɗauri ne tsakanin ƙwayoyin zarra da ƙulla wani sabo. Warwarewa tana shan makamashi, ƙullawa tana sakinsa. Idan abin da aka saki ya fi abin da aka sha, rarar takan fito a matsayin zafi, kamar yadda ake gani a ƙonewar gawayi ko idan aka zuba wa ƙonanniyar farar ƙasa ruwa. Wannan shi ne sauyi mai fitar da zafi. Idan kuwa abin da aka sha ya fi yawa, dole a ciyar da sauyin da zafi daga waje, shi ne sauyi mai shan zafi. Bambancin nan shi ake kira sauyin entalfi, ΔH, ana lissafa shi ga kowane mol, wato wani tsayayyen adadi na ƙwayoyi. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne, na ƙarfen kuza kuwa kusan giram 119.

Lavoisier da Laplace ne suka soma auna zafin sauyi a Faransa a farkon shekarun 1780, ta hanyar duba yawan ƙanƙarar da ya narkar. A 1840 Germain Hess, a birnin Sant Fitasbag na Rasha, ya tabbatar da cewa jimlar zafin sauyi ba ta canzawa ko da ta wace hanya aka bi. Mai saukowa daga Jos zuwa Kafanchan, ko ya bi titin mota ko ya bi layin dogo, tazarar tudun da ya sauko ɗaya ce. Wannan doka ce ta ba mu damar lissafa abin da ke faruwa a cikin tanderu ba tare da mun leƙa cikinsa ba.

4.0 Tambaya ta farko: nawa sauyin yake sha?

Sauyin da ake nema shi ne:

SnO₂ + 2C → Sn + 2CO

Kabon ɗin gawayi ya ƙwace oksijin daga kuza, ya fita a matsayin iskar kabon monoksaid, ya bar ƙarfe. Lokacin da mol ɗaya na SnO₂ ya ƙullu, an saki kimanin kilojul 581, don haka sai an mayar da wannan adadi kafin ya warware. Ƙulluwar mol biyu na CO tana sakin kilojul 221. Giɓin da ya rage kilojul 360 ne, kuma daga wuta zai fito. In aka mayar da shi kilo, kowane kilo na ƙarfen kuza yana shan kusan megajul 3.

Yana da kyau a kwatanta wannan da narkewa zalla. Ƙarfen kuza yana narkewa a digiri 232 kacal, kuma mol ɗaya yana buƙatar kilojul 7 ne ya zama ruwa. Wannan ne ya sa ƙaramin ƙarfen lantarki na mai gyaran rediyo yake narkar da dalmar like cikin daƙiƙa. Raba kuza da oksijin kuwa ya ninka haka sau 50. A bakin jama'a duk narkarwa ce, amma ta farko sauyin kama ce kawai, ta biyu ce sauyin sinadari. Shi kansa yashin kuzar ba ya narkewa sai ya wuce digiri 1,600, matakin da tanderun yumɓu ba ya kai wa. Ke nan mai narka na Riruwai bai taɓa narkar da yashin ba. Ya warware shi ne, ƙarfen da ya kuɓuta ya tarar da zafin da ya fi ƙarfinsa, ya gangaro yana ruwa.

A zahiri ƙwayar gawayi da ƙwayar kuza ba sa haɗuwa sosai, tunda duka daskararru ne. Iska ce 'yar aike a tsakaninsu, kuma aikin mataki biyu ne:

SnO₂ + 2CO → Sn + 2CO₂, yana shan kimanin kilojul 15

2CO₂ + 2C → 4CO, yana shan kilojul 345

Jimla 360, daidai da lissafin farko, kamar yadda dokar Hess ta faɗa. Abin lura a nan shi ne ba a jikin kuza ake shan zafin ba. Kusan dukkansa a jikin gawayi ake sha, inda ake sabunta iskar CO. In gawayin ya huce, 'yar aiken ta ƙare, aiki ya tsaya ko da kuzar tana nan da zafinta.

Gawayi yana aiki biyu ke nan a tanderu: shi ne abokin sauyi, shi ne kuma abin ƙonawa. Aikin farko yana cin giram 24 ga kowane giram 119 na ƙarfe, wato kusan giram 200 ga kilo. Na biyu kuwa, kilo ɗaya na kabon in ya ƙone ƙurmus yana ba da kusan megajul 33, don haka giram 90 ya isa ya biya megajul 3. Ɗora ƙarfen kansa zuwa zafin tanderu bai kai rabin megajul ba. A takarda dai, kimanin giram 300 na kabon ya wadatar da kilo ɗaya na ƙarfe.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Mol biyun CO da suka fita ba shara ba ne, abin ƙonawa ne. Kowane mol in ya ƙone ya zama CO₂ yana sakin kilojul 283, biyu 566. Wannan ya zarce 360 da aka kashe da kilojul 206. Da za a iya ƙona iskar a cikin tanderu a mayar wa kuzar da zafinta duka, da aikin ya ciyar da kansa har da rara. Shuɗin harshen wutar da ke rawa a bakin tanderu, ko a saman gawayin maƙeri in an daina zuga, shi ne wannan iska tana ƙonewa a inda zafinta ba zai amfani kowa ba.

5.0 Tambaya ta biyu: a wane mataki sauyin yake yiwuwa?

In aka cakuɗa kuza da garin gawayi aka shanya a rana, ko shekara nawa suka yi ba abin da zai faru, ko da jimlar zafin da ranar ta zuba musu ta wuce megajul 3 sau dubu. Yawan zafi kaɗai bai isa ba, sai matakinsa ya kai. Dalilin haka Josiah Willard Gibbs na Amurka ya bayyana shi a shekarun 1870.

Abu biyu ne ke ja-in-ja a kowane sauyi. Na farko entalfi, wanda ke fifita sauyin da ke sakin zafi. Na biyu entirofi, ma'aunin bazuwar ƙwayoyi da makamashinsu, wanda ke fifita sauyin da ke ƙara bazuwa. Gibbs ya haɗa su a lissafi guda, ΔG = ΔH − TΔS, inda T yake matakin zafi a ma'aunin kelbin. Sauyi yana yiwuwa ne idan ΔG ya faɗi ƙasa da sifiri.

A sauyin kuza, entalfi yana gāba da mu da kilojul 360. Amma daskararru ne ke rikiɗewa su ba da mol biyu na iska, bazuwa ta ƙaru da kimanin kilojul 0.383 ga kowane kelbin. A zafin ɗaki, kelbin 298, gudummawar entirofi 114 ce kawai, ΔG ya tsaya a kan 246 sama da sifiri, ƙofa a rufe. A wajen kelbin 940 ɓangarorin biyu suke yin kunnen doki. Wannan kusan digiri 670 ne, ko a ce tsakanin 650 da 700 tunda lissafin na kusa ne. A digiri 1,250 kuwa ΔG ya koma kimanin 220 ƙasa da sifiri. A 1944 Harold Ellingham ya zana irin wannan lissafi na ƙarafa da yawa a taswira guda, wadda har gobe ita ce jagorar masu narka: layin kabon yana gangarowa yayin da zafi ke hawa, duk ƙarfen da ya tsallake layinsa ya shiga hannun gawayi.

6.0 Tambaya ta uku: ina ragowar zafin yake tafiya?

Idan ƙofa tana buɗewa a digiri 670, me ya sa masana'antu ke aiki a tsakanin 1,200 da 1,300? Dalili biyu ne. Na farko sauri. Yiwuwar sauyi daban, saurinsa daban. Svante Arrhenius na Suwidin ya nuna a 1889 cewa kowane sauyi yana da shingen da sai ƙwayoyi sun tsallake, kuma adadin masu iya tsallakewa yana ninkuwa da hawan zafi. Shi ya sa buhun gawayi ke zaune lafiya cikin iska sai an kawo masa garwashi. Na biyu kashin maƙera. Ko an wanke kuza yaya, akwai sauran yashi da tama a jikinta. Sai waɗannan sun narke sun zama ruwa-ruwa sannan ɗigon ƙarfen zai iya ratsawa ya taru a ƙasa. Domin a sauƙaƙa wannan ake ƙara farar ƙasa, ita kuma tana da nata kuɗin shiga: gasa mol ɗaya nata ya saki CO₂ yana shan kilojul 178.

Hawa wannan mataki shi ke buɗe ƙofofin asara. Babbar cikinsu hayaƙi ce. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ne oksijin, kashi 78 naitirojin ne, wanda ba ya ƙonewa, sai dai ya shiga da sanyi ya fita da zafi. Ƙona kilo ɗaya na kabon yana buƙatar iska kilo 11 da rabi. Idan hayaƙin ya fita a digiri 1,200, ya tafi da kusan megajul 17 daga cikin 33, wato rabi. Maganin da James Neilson ya kawo a Sukotlan a 1828 shi ne a ɗumama iskar kafin a hura ta, kuma tanderun zamani da zafin hayaƙin da ke fita suke yin haka.

Ta biyu bango da baki. Zafin da jiki ke haskawa yana hawa ne da matakin kelbin ninki huɗu a jere: in mataki ya ninka biyu, asarar ta ninka 16. Ƙaramin tanderu kuma yana da bango mai yawa in aka gwada da abin da ke cikinsa, don haka ya fi babba zubar da zafi ga kowane kilo.

Ta uku danshi. Mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi yana cin megajul 2.26, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake buƙata a kuɓutar da kilo guda na ƙarfe. Kuza kuwa daga ruwa take fitowa. Mai shanya ta a kan tabarma ko buhu har ta bushe ƙayau yana rage wa tanderu nauyi da zafin rana na kyauta.

Jos tana da wani ƙarin dalili nata. Garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100 in aka gwada da bakin teku. Ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, kuma kowace zuga tana ɗauke da oksijin ƙasa da wadda za a yi a Legas. Duk wanda zai ƙera tanderu ko injin hura iska domin Filato, dole ya sa wannan a lissafi.

Wanda ya tsaya a maƙera zai ga waɗannan ka'idoji suna aiki. Maƙeri yakan zaɓi gawayin ƙirya saboda nauyinsa da daɗewarsa yana ci. Yakan tara garwashin ya rufe bakin bututun, ya tura ƙarfen can tsakiya. Yaron da ke zuga yana canza hannu, dama da hagu, don kada iska ta yanke. Idon maƙerin yana kan launi: ja mai duhu bai yi ba, ja jawur ya kusa, in ya koma ruwan ɗorawa mai haske sai ya zaro. In ya yi fari yana tartsatsi, ya san ƙarfen ya soma ƙonewa, sai ya ce wa yaron ya sassauta. Wannan auna matakin zafi ne da daidaita oksijin, ba tare da na'ura ba.

Wuce gona da iri ma yana da illa a narkar da kuza. A taswirar Ellingham layin kuza da na baƙin ƙarfe ba su da nisa. In aka matsa da gawayi da zafi don a tatse kuzar kaf, tamar da ke ciki ita ma sai ta warware, ta gauraya da kuzar ta ba da wani tauri marar amfani. Wani sashe na kuzar kuma yakan bi hayaƙi a matsayin SnO. Saboda haka masana'antu ke narkawa sau biyu: zagayen farko a sassauta a sami ƙarfe mai tsabta, na biyu a sake dafa kashin don a ceto abin da ya rage. Wajen tacewa kuma ana cin moriyar digiri 232 ɗin nan, a ɗumama ƙarfen kaɗan sama da haka, kuza ta zube ta bar gurɓatattun da ba su narke ba.

7.0 Kwatanci da tama da kolumbayit

Ƙasar nan ta san wutar da ta fi ta kuza wuya. A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya tono tanderun narka tama na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. Su kansu gumakan Nok a wajen haƙar kuza aka fara cin karo da su a 1928. Raba tama da oksijin yana shan kusan megajul 4.4 ga kowane kilo, kuma baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538. Tanderun gargajiya ba ya kai wa nan, don haka ƙarfen a dunƙule yake fitowa haɗe da kashi, sai an yi ta dukansa a kan uwar maƙera.

Kolumbayit, wadda ake samu tare da kuza, labarinta ya sha bamban. An daɗe ana zubar da ita, sai da aka gano amfanin ƙarfen niyobiyam da ke cikinta wajen ƙera ƙarafa masu jure zafi, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da ita a shekarun 1950. Ɗaurin niyobiyam da oksijin ya fi ƙarfin wutar maƙera. Hanyar da aka fi bi ita ce a haɗa shi da garin alminiyam, wanda ya fi shi ƙishirwar oksijin. Wannan sauyi mai fitar da zafi ne, in aka kunna shi da kansa yake narkar da komai. Sai dai alminiyam ɗin da lantarki mai ɗimbin yawa aka samar da shi. Zafin ba kyauta ba ne, an riga an biya shi a wata masana'anta, dokar Hess ba ta yi wa kowa rangwame.

8.0 Abin da lissafin ke nufi ga Jos ta yau

Na farko, tattalin arziki. Kusan rabin ƙarfen kuzar da duniya ke amfani da shi yana tafiya ne ga dalmar like kayan lantarki, don haka kasuwa tana nan. Masu haƙa da mata masu wanki suna sayar da ɗanyen yashi ne, wanda ko ya kai matuƙar tsabta kashi 79 cikin 100 ne ƙarfe. Duk mai niyyar narkawa a gida, lissafin da ke sama ya nuna masa inda kuɗinsa zai zube: bangon da ba ya riƙe zafi, iskar da ba a ɗumama ba, CO da ke ƙonewa a waje, da jiƙaƙƙen kaya. Jos tana da Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa da Jami'ar Jos da cibiyar nazarin haƙar ma'adinai. Aikin da ya dace da su shi ne su auna waɗannan asarori a ƙananan tanderu, su gwada yumɓun Filato wajen yin tubalin jure wuta, su kuma fitar da sakamakon da harshen da masu sana'ar ke ji.

Na biyu, daji. Gawayi itace ne da aka riga aka ƙone wani kaso mai yawa na makamashinsa wajen yinsa. Kowane megajul da aka hana salwanta a tanderu, bishiya ce aka bari a tsaye.

Na uku, lafiya. Kabon da ya sami isasshiyar iska yana sakin kilojul 393.5 ga kowane mol, wanda bai samu ba kuwa 110.5 kawai, ƙasa da sulusi, sannan ya bar CO, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, mai hana jini ɗaukar oksijin. Lokacin hunturu, in sanyin Jos ya tsananta, mutane kan shiga da kaskon gawayi ɗaki su toshe ƙofa da taga. Masu haƙa kuma kan kunna injin jan ruwa dab da bakin rami. Iskar da ke kuɓutar da kuza a tanderu ita ce take kisa a waɗannan wurare.

Na huɗu, aji. Malamin kimiyyar sinadarai a Bukuru yana iya koyar da entalfi da dokar Hess da lissafin Gibbs duka daga cokali ɗaya na kuza da dunƙulen gawayi, ya kuma kai ɗalibai maƙera su ga launin wuta.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dangantakar zafi da sauyin sinadari fuska uku gare ta, kuma kowace da lissafinta. Entalfi ya ce kilo ɗaya na ƙarfen kuza yana shan megajul 3. Lissafin Gibbs ya ce ba za a karɓi wannan zafi ba sai a sama da digiri 650. Sauri da narkewar kashi suka ɗaga aikin zuwa sama da 1,200, inda hayaƙi kaɗai ke iya kwashe rabin abin da aka ƙone. Biyun farko ba mai iya taɓa su, haka aka halicci kuza. Na ukun ne ke hannun ɗan Adam, kuma a nan ne bincike da ƙira da jari za su yi tasiri. Shawarar wannan maƙala ita ce a fara da awo: a gina ƙaramin tanderu na gwaji a Jos, a auna gawayin da ya shiga da ƙarfen da ya fita da zafin hayaƙinsa, a gwada da giram 300 da lissafi ya bayar. Tazarar da aka samu tsakanin alƙaluman biyu ita ce girman aikin da ke gaban injiniyoyinmu.